Tambaya da Amsa: Rigar Hawa Babur a Bazara, Hunturu da Damina

Wasiƙun wannan makon sun karkata ne kan suturar mai babur. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Sakkwato, kullum ina hawa babur zuwa wurin aiki a bayan gari. Abokaina suna cewa sa jaket a zafin Afrilu neman ciwo ne. Shin ba gara in sa 'yar riga mara nauyi iska ta riƙa ratsa ni ba?

Wa alaikumus salam, Malam. Abokanka sun yi gaskiya idan baƙar jaket mai kauri ta sanyi suke nufi, amma sun bar baya da ƙura. Aikin farko na rigar babur shi ne ta shiga tsakanin fatarka da kwalta ranar da tsautsayi ya faɗa, kuma tsautsayi ba ya duba kalanda. Shadda da yadi nan take suke yagewa idan mutum ya gurzu a titi. Ko wandon jins na kasuwa da ƙyar yake kai daƙiƙa ɗaya kafin ya huje.

Sai maganar iska. Zafin fatar ɗan Adam yana tsakanin digiri 33 zuwa 35 ne a ma'aunin Salshiyos. Muddin iskar gari ba ta kai haka ba, tana ɗauke maka zafi. Da zarar ta haura, sai lissafi ya juye, ita ce take zuba maka nata zafin, kuma iya gudunka iya yawan abin da take zubawa. A Sakkwato, Maiduguri ko Tawa, inda ma'auni ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, mai tafiya da dantse a waje yana gasa kansa ne, ga rana ta sama, ga hucin kwalta ta ƙasa, gumin kuma ba ya isa ya sanyaya jiki. Dubi Buzaye, da suka fi kowa sanin rana, ba ka taɓa ganinsu a hamada da singileti.

Abin da ya dace da kai shi ne jaket mai raga. Ragar tana ƙirji, gadon baya da cikin hannuwa, amma kafaɗu da gwiwar hannu an yi su da yadi mai tauri, tare da matashin kariya a ciki. A jikin takardar rigar za ka ga lamba kamar 500D, 600D ko 1000D, wato kaurin zaren yadin. A wuraren da ke fara taɓa ƙasa kada ka yarda da ƙasa da 500D, kuma nailan irin Cordura ya fi foliyesta mai lamba ɗaya da shi juriya. Ka zaɓi launi mai haske, toka-toka ko ruwan ƙasa. A ciki ka sa riga mai dogon hannu, marar kauri, irin ta 'yan ƙwallo, domin kada raga ta riƙa gogar fata.

Idan zafi ya kai intaha, ga dabarar da ke aiki sosai a busasshiyar iskar arewa: ka jiƙa rigar ciki da ruwa, ka matse ta kaɗan, ka ɗora jaket a kai. Bushewar ruwan ce ke sanyaya jiki. Sai dai raga tana barin iska da yawa, cikin 'yan mintuna rigar ta bushe. Don haka a doguwar tafiya jaket mai ƙofofin iska masu zif ta fi: ka buɗe na hannu kaɗan, ka buɗe na baya domin iskar ta sami mafita, sanyin zai daɗe. Wannan dabara ba ta da wani tasiri a Legas ko Fatakwal, inda iska take jiƙe da kanta. Ka sha ruwa kafin ƙishirwa ta kama ka. Ciwon kai, jiri, ko fitsari ya yi duhu alamu ne na ka nemi inuwa. Idan kuma gumi ya ɗauke alhali jiki na zafi, ko tunani ya fara rikicewa, wannan maganar asibiti ce.

Na shiga Kofar Wambai a Kano na ga rigunan babur na gwanjo, wasu da roba a kafaɗa. Ta yaya zan gane ta kirki da wadda aka yi don ado?

Fara da takardar da aka ɗinka a ciki. Ta Turai tana ɗauke da hoton mutum a kan babur, da lambar EN 17092, da harafin daraja. AAA ita ce mafi ƙarfi, mai nauyi, ta masu gudu a babbar hanya. AA tsaka-tsaki ce, kuma ita muka fi so ga mai fita bayan gari. A ta yawon cikin gari ce, yawancin masu raga a nan suke. B tana jure gurzuwa amma ba ta da matashin kariya, C kuwa matashin ne kawai ba tare da yadin da zai jure kwalta ba. Tun 2018 dokar Tarayyar Turai ta tsananta kan gwada irin waɗannan kaya, don haka tsohuwar riga tana iya zama mai kyau ba tare da wannan takarda ba. A nan sai ka koma ga hannu da ido.

Zare matasan daga aljihunansu ka duba. Na kafaɗa da gwiwar hannu ana buga musu EN 1621-1, na baya EN 1621-2, da lamba 1 ko 2. A gwaji ana sako ƙarfe mai nauyin kilo 5 a kansu a auna ƙarfin bugun da ya ratsa. Na gaɓoɓi mataki na 1 bai kamata ya bari fiye da kilonutan 35 (ma'aunin ƙarfin bugu) ya wuce ba, mataki na 2 kuma 20. Na baya 18 ne da 9. Ƙarancin bugun da ya ratsa shi ne alheri, wato mataki na 2 ya fi na 1 kariya. Abin da ke yaudarar mutane shi ne riguna da yawa, har sababbi, soso ne kawai a aljihun bayansu, an sa shi don ya riƙe siffar rigar. Idan ba lamba a jikinsa, ka ɗauka babu komai a wurin, ka nemi na gaske daidai girman aljihun. Ka lanƙwasa kowane matashi: wanda ya tsage, ya ƙandare, ko yake marmashewa ya gama aiki.

Daga nan sai ɗinki. Ja kafaɗa da hannu da ƙarfi, idan zare ya bayyana yana buɗe baki, ajiye ta. Riga mai kyau tana da ɗinki biyu ko uku a kafaɗa, ɗaya a ɓoye yadda kwalta ba za ta cinye shi ba. Ja zif sama da ƙasa sau da yawa. Duba gwiwar hannu da gefen kafaɗa ko akwai wurin da yadi ya yi sheƙi ya taurare, alamar mai ita ya taɓa faɗuwa da ita ke nan.

Kada ka gwada ta a tsaye kamar mai gwada kaftani. Ka zauna, ka miƙa hannuwa kamar ka riƙe kan babur. Hannun riga ya rufe wuyan hannu, bayanta ya rufe tsatso, matashin gwiwar hannu ya zauna a kan ƙashin. Idan kana iya juya shi da yatsu ya koma gefe, ranar faɗuwa ma gefe zai koma. Nan ne yawancinmu ke kuskure, saboda mun saba da sutura mai yalwa sai mu ɗauki wadda ta fi mu girma. Ka bar wurin suwaita ɗaya kawai.

Ni ɗan kabu-kabu ne a Damagaram. Ina fita bayan sallar asuba. A hunturu ina sa riguna uku da suwaita amma sanyi na shiga har ƙashi, da hantsi kuma gumi ya dame ni.

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Yawan riguna ba ya maganin abin da ke damunka, domin iska ce ke ratsa saƙar suwaitar tana kwashe ɗumin da jikinka ya tara. Safiyar da ma'auni ya nuna digiri 10, mai gudun kilomita 60 a awa yana jin kamar digiri 5 ne. Tsarin da ke aiki hawa uku ne, kuma jerin yana da muhimmanci. A jikin fata riga mai kama jiki wadda ba ta riƙe gumi. Auduga ba ta dace da nan ba, idan ta jiƙe sai ta zauna da sanyinta. A tsakiya suwaita ɗaya ta ulu ko mai laushin bargo. A waje kuma abin da iska ba ta ratsawa. Idan jaket ɗinka mai raga ce, ka sa siririyar rigar ruwa a ƙarƙashinta ko a samanta, ta wadatar. Wanda ba shi da ko ɗaya ya shimfiɗa jarida ko fallen kwali a ƙirji a ƙarƙashin riga. Tsohuwar dabara ce, kuma tana aiki.

Iska tana shiga ta wuya, wuyan hannu da ƙugu. Ka toshe su: ƙyallen wuya mai zagaye wanda ba shi da jela, safar hannu mai dogon baki da za ta hau kan hannun riga, sannan ka tsuke maɗaurin ƙugu. Safar hannu ba ado ba ce, yatsun da suka sandare ba sa kama birki da kulochi a kan lokaci. Da rana ta ɗaga ka cire suwaitar ka ɗaure a mazaunin baya tun kafin gumi ya keto, jaket ɗin kuma ta zauna a jikinka.

Hazo yana rage gani, don haka ka ɗora riga mai ƙyalli, ka bar fitila a kunne. Gilashin hular kwano kada ka goge shi a bushe, ƙurar tana kankare shi har ya riƙa watsa hasken fitilun mota da dare. Zuba ruwa tukuna, sannan ƙyalle mai laushi.

Na sayi jaket an ce ruwa ba ya shiga, amma a ruwan Agusta na Kaduna sai ta yi nauyi, wandona kuma ya jiƙe ta tsakiya. An cuce ni ne?

Ba lallai ba. Irin wannan riga kala uku ce. Akwai mai shafin ruwa na ciki da ake cirewa da zif: yadin waje yana shan ruwa ya yi nauyi, shafin ne kawai ke kare ka, kuma da alama irinta ka saya. Akwai wadda aka ɗinke shafin a ciki ba ya fita, ita kuma zafi ne da ita a sauran watanni. Ta uku an manne shafin a jikin yadin waje, kamar wasu na Gore-Tex, ruwa yana gangarewa ba ta jiƙa. Ita ce mafi kyau, ita ce kuma mafi tsada nesa ba kusa ba.

Ga ruwanmu da ke saukowa da ƙarfi ya ɗauke bayan awa ɗaya ko biyu, shawararmu renkot mai riga da wando da za ka ɗora a kan jaket, ka naɗe shi idan an ɗauke. Ka ɗauki wanda ya fi girmanka da lamba ɗaya. Juya cikinsa ka duba: kowane ɗinki ya kasance an bi shi da tef, domin ta ramin allura ruwa ke shiga. Zif ya kasance da marufi a kansa. Idan an rubuta ƙarfin riƙe ruwa, nemi milimita 10,000 ko sama, saboda gudu da zama suna matsa ruwa cikin yadi. Jiƙewar tsakiyar wando daga nan take: ruwan da ya gangaro daga ƙirji da tanki yana taruwa a gaban sirdi, ka zauna a kansa, nauyinka ya tura shi ta ɗinki. Wando mai tsawo har ciki, wanda rigar ta sauko ta rufe bakinsa, ya fi jurewa. Bakin safar hannu a damina ciki yake shiga, hannun riga ya hau kansa, in ba haka ba ruwa ya gangara ya cika ta. Ƙafar wandon dama ka tsuke ta, salansa na narkar da leda cikin ƙiftawar ido. Renkot mai faɗi irin na mayafi kuwa ka bar wa masu tafiya a ƙasa, iska na cika shi, gefensa na iya shiga taya.

Jaket ɗin fata fa? Kuma yaya ake wanke waɗannan kaya?

Fatar saniya mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.4 ta fi yawancin yadi jure gurzuwa, amma a ƙasarmu watannin sanyi kaɗai take da daɗi. Tana shan ruwa, tana daɗewa ba ta bushe ba, tana yin fumfuna a damina. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan fata ma roba ce da aka shafa a kan yadi, tana ɓarewa, ba ta kare komai. Ta gaske a goge ta da ɗanyen ƙyalle, a shanya a inuwa nesa da wuta, a shafa mata man fata. Ta yadi a cire matasan, a rufe zif, a wanke da hannu da ruwa marar zafi da sabulu kaɗan, ban da bilic, ban da murɗawa, ban da kai wa mai guga.

Mijina yana ɗaukata a babur zuwa makarantar da nake koyarwa. Mu masu hijabi me ya kamata mu kula da shi?

Malama, jelar hijabi, gefen zane da hannun babbar riga suna shiga sarƙa ko tayar baya su fizgo mutum ƙasa, wani lokaci ta wuya. Kafin a tashi ki tattare hijabin ki zauna a kan gefensa, ko ki sa gajere wanda bai wuce ƙugu ba, ki ɗora jaket mai matashi a samansa ta danne shi. Ki sa wando a ƙarƙashin zane saboda salansa, da takalmi rufaffe maimakon silifa. Hular kwano tana hawa kan hijabi marar kauri idan an sauke daurin gashi zuwa ƙeya, a kuma ɗaure igiyarta har yatsa biyu kawai ke shiga ƙarƙashin haɓa. Maigida kuma ya duba murfin sarƙar babur ɗinsa, idan makanike ya cire bai mayar ba, a mayar kafin ki sake hawa.