Hukuncin wasan dabarun yaƙi da ƙananan mutum-mutumin soja

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Turai. Abokaina suna wani wasa a kan tebur mai ƙafa 6 a ƙafa 4, su jera sojojin dalma ko na roba masu tsayin milimita 28 da suka yi wa fenti, su maimaita faɗan Jarama ko na Ebro a yaƙin basasar Sifaniya. Da tef ake auna tafiyar runduna, ɗan lido kuma shi ke nuna ko harbi ya samu. Ba a sa kuɗi. Ya halatta in shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam. Nazarin yaƙin da aka gwabza daga Yulin 1936 zuwa Afrilun 1939 babu laifi a cikinsa. Musulmi ma yana da dalilin saninsa, domin dubban 'yan Maroko Janar Franco ya jefa a cikinsa. Matsalar wasanku tana wuri biyu: mutum-mutumin da ɗan lidon.

Malikiyya sun ce surar da ta haramta ita ce ta mai rai, mai inuwa, wadda gaɓoɓinta suka cika. Sojan milimita 28 ya haɗa ukun, har gashin baki ake zana masa da bakin burushi. Wani zai kawo hujja da 'yan tsanar Nana A'isha da dokinta mai fukafukai. Wannan rangwame ne ga yara, Alƙali Iyad ya ce don su koyi reno, bai kai ga baligi mai cika kabad da bataliya ba. Haɗa sassan da gam da fito da fuska ya fi ajiyewa nauyi, domin ya shiga aikin suranta mai rai. Maganin da ya zo a hadisin Jibrilu shi ne a cire kai, sura ta koma kamar itace. Na san babu mai wannan wasa da zai so haka. To, tankar T-26 ta Sobiyet, Panzer I ta Jamus, igwa, gidaje, gada da itatuwan zaitun duk halal ne, a ƙera a yi musu fenti. Dakarun ƙasa kuwa a wakilta su da gutsattsari masu launi marasa sura, kamar yadda hafsoshin Furusiya, tsohuwar masarauta a Jamus, suka yi a wasan horonsu tun 1824. Sojan milimita 6 da ba a rarrabe fuskarsa daga tsaye ya fi sauƙi, Hanafiyya sun sassauta a kan ƙaramar sura irin wannan.

Ɗan lido ya fi wuya. Muslim ya ruwaito daga Buraida cewa wanda ya yi wasan nardi, wani wasan allo da ake jefa ɗan lido a cikinsa, kamar ya tsoma hannunsa ne a naman alade da jininsa, Muwaɗɗa kuma ta kawo hadisin Abu Musa cewa ya saɓa wa Allah da ManzonSa. Ba a ambaci kuɗi a ciki ba, saboda haka rashin caca bai warware komai ba. Risala ta hana nardi da shaɗaranji (wasan chess) duka. Shafi'iyya sun rarrabe: abin da ya dogara da tunani da lissafi makaruhi ne, wanda ya dogara da sa'a haramun. Wasanku ya haɗa biyun, amma duk iya tsara rundunarka, jifa ce ke yanke wanda ya mutu, don haka nake riskar da shi ga nardi. Zaro kati a makance a madadin ɗan lido sauya suna ne kawai. Abin da ke fid da ku shi ne alƙalin wasa ko jadawali tsayayye: yawan bindigogi, nisa da mafaka su ba da sakamako.

Idan an gyara waɗannan biyu, wasan ya halatta, da sharaɗin kada ya ci lokacin salla, tunda zama ɗaya kan kai awa 3. A bar tuta mai gicciye ta mayaƙan Karlist, masu goyon bayan sarauta da suka yi yaƙi a ɓangaren Franco, domin Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ba ya barin abu mai gicciye a gidansa sai ya warware shi. Kisan fararen hula irin na Badajoz a 1936 ko ruwan bama-baman Gernika na 26 ga Afrilun 1937 kuma kada a mayar da shi abin samun maki. Idan abokanka sun ƙi sauya ƙa'ida, kada ka zauna a teburin, amma gaisuwa da zumunci suna nan.

Wallahu a'alam.