Tarin da ya wuce mako biyu, kuma babu kuɗi

Ɗan'uwa, ka ce Inna na ƙauye wajen Keita, tari ya fi wata guda yana damunta, ga rama ga zufar dare, kuma ba ku da halin kawo ta Tahoua. Ku kai ta CSI, wato ƙaramar likitar gwamnati, mafi kusa, ku roƙi a auna majinarta. Tarin da ya wuce mako 2 tibi, wato tarin fuka, ake fara zargi, kuma maganinsa kyauta ne a likitar gwamnati. Ku daina saye mata ƙwayoyin 'yan tebur, kuɗi kawai suke ci. Idan akwai yara ƙanana da ke kwana ɗaki ɗaya da ita, a tafi da su a duba.

Sai dai akwai sharaɗi, don na gani a gidanmu. Maganin na wata 6 ne cur. Kawuna ya sha na wata 2, tari ya lafa, ya koma gona, ya ce ai ya warke. Kafin kaka ciwon ya dawo fiye da da. Abin da ya kayar da shi kuɗin kabu-kabu ne na zuwa karɓar magani, ga damina ta cinye hanya. Don haka tun ranar farko ku tambaya ko za a riƙa ba ta a likitar da ke kusa da ku, ku kuma sa mutum ɗaya ya tsaya ta haɗiye shi kowace safiya kafin koko. In fitsarinta ya yi ja kada ku firgita, aikin maganin ne.