An yi wa ɗiyata aikin hawan jinin ido, amma idanunta ba su daina rawa ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗiyata shekararta biyu da rabi. Tun tana jaririya idanunta ke zubar da hawaye, ba ta son rana, baƙin idon ya yi hazo ya kuma girma. Tana wata biyar aka yi mata aiki, aka ce da hawan jinin ido aka haife ta. Hawaye ya tsaya, amma idanun kullum rawa suke, na hagun kuma yana karkata wajen hanci. Surukata ta ce iska ce, maigida kuma ya ce aikin ne bai yi ba.
Wata uwa daga Daura

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ta lafiya. Ba iska ba ce, kuma rawar ido kaɗai ba ta nuna aiki ya lalace.

Ido yana samar da wani ruwa a cikinsa, ruwan kuma yana da hanyar fita. Yaran da aka haifa da wannan ciwo hanyar ce ba ta buɗe daidai ba, sai ruwan ya taru ya matse ido. Idon jariri da taushi yake, shi ya sa yake buɗewa ya yi girma. Abin da ke damuna, a nan Katsina sai ki ji ana yaba jariri da dara-daran idanu, alhali baƙin idon da ya wuce milimita 12 kafin shekara ɗaya abin kai wa likita ne. Ciwon ya fi yawa inda ake auren zumunci, don haka duk ƙanen da ta samu a duba shi da wuri.

Aikin da aka yi mata hanyar ruwan ya buɗe. Gani kuwa koyonsa ake yi. A watannin farko ƙwaƙwalwa ke koyon tsayar da ido a kan abu, kuma sai hoto ya iso mata tarwai take iyawa. Ɗiyarki ta yi waɗannan watanni tana kallo ta cikin hazo, idanun suka rasa abin kamawa, shi ne rawar. Idan kin ga tana karkata kai in za ta kalli abu, kada ki tsawata mata, ta gano inda rawar ke lafawa ne.

Karkatar idon hagu ta fi tayar mini da hankali. Yawanci idon da ya fi rauni ne ke karkacewa, ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi ta dogara da ɗayan. Ana iya farfaɗo da shi, amma bayan shekara 7 zuwa 8 abin yana wuya ƙwarai.

Ki mayar da ita sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Katsina, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. A auna matsin idon, a duba jijiyar gani, ko da sai an sa ta barci, don matsin kan dawo bayan shekaru ba tare da hawaye ba. Ki roƙa a gwada ta tabarau, domin idon da ya girma yawanci ba ya hangen nesa. Wataƙila a ce ki riƙa rufe idon dama da filasta na wasu awoyi kullum don na hagun ya yi aiki. Za ta yi kuka, za ta fizge, mutanen gida za su ce kina azabtar da yarinya. Ki daure, ki je da maigida asibiti ya ji da kunnensa. Aikin miƙar da ido, in ana buƙata, daga baya yake zuwa.

Ba zan ce miki rawar za ta tafi gaba ɗaya ba. Takan ragu in gani ya inganta, kuma yara da yawa masu ita suna karatu, musamman in an zaunar da su gaban aji. Addu'a ki ci gaba da yi, amma kada a ɗiga mata nono ko wani jiƙo a ido, kwalli ma a bar shi. Ranar da kika ga hazon ya dawo ko tana gudun haske, kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati.