Kalma uku ta ishe ka, sauran ka bar wa Gizo

Ɗana, jiya da aka tashi ka tare ni da tambaya ina saurin zuwa masallaci, ban ba ka amsa yadda ya kamata ba. Ka ce kowace Litinin kana rubuta sababbin kalmomi goma a allo da ma'anarsu, 'yan aji biyu su yi ta rerawa har su haddace, ran Juma'a ka yi musu gwaji su ci, amma mako na zagayowa sai ka tarar kamar an share da tsumma. Har ka ce ko ka daina karanta musu labari, ka mai da kalmomin ashirin.

Kada ka ƙara. Ragewa ma za ka yi.

Ni ma haka na fara, kuma na daɗe ina yi kafin na gane. Kalmar da ka ɗora a allo ita kaɗai baƙuwa ce marar masauki, ta kwana ɗaya ta wuce. Ka rubuta "haɗama", ka ce son cin abin da ya fi ƙarfin mutum, yaro ya maimaita, shi ke nan. Amma ka ba shi labarin Gizo da ya kutsa rumbun surukinsa ta ƙaramar kafa, ya yi ta cin gero har cikinsa ya hana shi fitowa, gari ya waye aka tarar da shi ya yi tsuru-tsuru. Ka ce haɗama ce ta kama shi. Yaron nan ya ga haɗama da idonsa, ya yi mata dariya. Gobe in ɗan'uwansa ya cika baki da ƙuli-ƙuli, da kansa zai jefa masa kalmar.

Harshenmu ma yana tilasta mana haka. A rubutun boko ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali. In ka rubuta "dawa" tsirara a allo, hatsi kake nufi ko jeji? "Gari" fa, na tuwo ne ko na mutane? "Fari" launi ne, ko rashin ruwan sama? Jimla ce take raba gardama, labari kuwa jimloli ne da yaro yake son jin ƙarshensu.

Ga yadda nake yi. Daren da zan karanta labari washegari, nakan zauna da fensir in bi shi. Kalmomin da yara suka sani, irin su ruwa da gida da akuya, ba ruwana da su. Akwai kuma waɗanda sai jefi-jefi za su sake gamuwa da su, kamar sulke ko kwalkwali. Waɗannan in na iso kansu, misali sulke, sai in ce "rigar ƙarfe ce ta yaƙi", in wuce. Waɗanda nake farauta su ne na tsakiya, da yaro zai yi ta karo da su a littafi da wa'azi da rediyo har ya tsufa: nadama, makirci, alƙawari, dabara, tsautsayi, amana. A cikinsu nake zaɓar uku. Uku kawai.

Ranar farko ka karanta labarin tun daga "ga ta nan, ga ta nanku" har "ƙurunƙus", kada ka tsaya fiye da numfashi ɗaya a kan kowace kalma. Kuskuren sababbin malamai ke nan: kura ta biyo Gizo, yara sun yi kasaƙe, sai malam ya ajiye littafi ya shiga bayanin ma'anar "kurmi" na minti biyar. Kafin ya dawo kura ta mutu a zukatansu. Rana ta biyu ka sake karanta wannan labarin dai, yanzu ka tsaya a kan kalmominka uku, ka tambaye su. Kada ka ce "mene ne nadama?" Ka ce "wa ya taɓa yin abin da daga baya ya ce da na sani?" Za ka ji labarai har ka gaji. Rana ta uku su ne za su ba ka labarin, ɗaya ya fara, wani ya ɗora, kai kana saurare ko kalmomin za su fito daga bakinsu. Wadda ta fito ta zauna. Wadda ba ta fito ba, ka nemi wani labarin da take ciki.

Kada ka ji kunyar maimaici. Babba ne yake gajiya da labari ɗaya, yaro kuwa in ka canza ko kalma guda sai ya gyara maka.

Sai maganar amsa-kama, wadda ba a cika koya muku a kwaleji ba. Ya tashi zumbur, ya jiƙe sharkaf, ta fice fit, fari fat, baƙi ƙirin. Waɗannan ba a bayaninsu, yin su ake yi. In ka ce "zumbur", ka miƙe daga kujera zumbur, su ma su miƙe. Aji zai ɗan rikice, shugaban makaranta zai leƙo, ba komai.

Ka kuma lura da yaran da ke gabanka. Yawancinsu a birni aka haife su, wani bai taɓa ganin rumbu ko akushi ko faifai ba. Abin da za ka iya ɗaukowa, ka ɗauko. Ludayin duma ɗaya da ka zo da shi aljihu ya fi zane goma a allo. In kuma ka ce "ɓera" yaron da iyayensa suka zo daga Sakkwato ya ce su "kusu" suke cewa, kada ka gyara masa. Ka rubuta duka biyun, aji ya samu riba.

Jiya ka kuma tambaye ni littafin da za ka riƙa ɗauka. Magana Jari Ce da Abubakar Imam ya rubuta, wanda aka fara bugawa a 1937, don makarantu aka yi shi, kuma har yau ban ga rumbun kalmomi kamarsa ba. Sai dai ya yi wa 'yan aji biyu nauyi su karanta da kansu. Ka zaɓi gajeren labari a ciki, kai ka karanta musu, don kunnen yaro yana gaba da idonsa nesa: kalmar da ba zai iya haɗa baƙaƙenta ba tukuna, yana iya kama ta da ji. Sauran ranaku tatsuniyoyin gida sun wadatar. Ka ce kowa ya roƙo ɗaya wurin kakarsa. Da muna yara cewa ake yi mai tatsuniya da rana zai ɓata, ga shi na yi shekaru ina yi da hantsi, kullum kuma ina gane hanyar gida. In wata kalma ta shige maka duhu, ka duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, kafin ka shiga aji, kada ka ƙirƙiro ma'ana a gaban yara.

Gwajin Juma'a kuwa, ka daina cewa su kawo ma'ana. Ka ba kowane yaro kalma ɗaya ya sa ta cikin zancen gidansu.

Ran Litinin ka zo da labarin rumbun nan, ka ja layi a ƙarƙashin kalmominka uku ka nuna mini kafin a buga ƙararrawa. Zan zauna a bencin baya.