Tambaya da Amsa: Famfon Kwamin Ninkaya Ya Rage Ƙarfi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne mai kula da wani ƙaramin masauki a Kaduna, kuma muna da kwamin ninkaya wanda tun shigowar hunturu ruwansa ya ƙi washewa. Famfon yana tashi yana aiki, amma ruwan da yake komawa cikin kwamin ba shi da ƙarfi, sannan ina ganin kumfa a ƙarƙashin murfin famfon. Allurar gejin matsin ruwa da ke kan tankin yashi mai tace ruwan, a da tana tsayawa a kan 1, yanzu da ƙyar take kai rabin haka. Akwai bishiyar darbejiya a gefen kwamin. Mai gyaranmu ya ce a sayi sabon famfo mafi girma. Shin haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, kada ka yi gaggawar fitar da kuɗi, domin gejin nan da ka ambata ya riga ya nuna inda matsalar take. Idan ruwa ya rage ƙarfi allura kuma ta haura, toshewar tana gaban famfo, wato a tankin yashi ko a wani bawul da ba a buɗe shi sosai ba. Idan kuwa allurar ta sauka kamar taka, famfon ne ba ya samun ruwan da zai tura, ko dai saboda wani abu ya tare hanyar, ko kuma yana zuƙar iska.

Kumfar da kake gani shaidar iska ce. Ka fara duba tsayin ruwan kwamin, domin a hunturu iska busasshiya tana shanye ruwa fiye da yadda ake zato, kuma da zarar ya sauka ƙasa da tsakiyar bakin da ke jan ruwa a jikin bango, sai famfo ya riƙa haɗiyar iska tare da ruwan. Idan ruwan ya cika, ka kashe wuta, ka buɗe murfin famfon, ka zaro zoben robar da ke ƙarƙashinsa ka ja shi a hankali tsakanin yatsunka. In ya bushe, ko ya baje, ko ka ga ƙananan tsaga a jikinsa, a sauya shi. In yana da lafiya, a wanke shi a shafa masa giris na silikon. Masu gyara da yawa suna shafa basilin, amma shi yana sa robar kumbura ta lalace. Domin gano inda iska ke shiga, ka tayar da famfon ka riƙa kwarara ruwa a kan murfin da mahaɗar bututun da ke shiga cikinsa. Wurin da kumfar ta ɗauke lokacin da ruwa ke zuba a kansa, nan ne ɓarakar.

Sai dai ni darbejiyar nan na fi zargi. Ganyenta siriri ne, kuma a wannan lokaci take zubar da shi, yana kuma iya sulalewa ta kwandon tare datti da ke ƙarƙashin murfin famfo idan ya tsage ko ba a zaunar da shi daidai ba, ya je ya cushe a cikin farfelar da ke juya ruwa. Injin zai ci gaba da juyawa, ƙararsa ma ba za ta sauya sosai ba, alhali rabin ƙofofin farfelar sun toshe. Bayan an kashe wuta daga babban makunni, a cire kwandon, a zura yatsa ko waya mai lanƙwasa ta ramin da ke bayansa, za a ji dunƙulen ganye da gashi da zare, a zaro su kaɗan-kaɗan. Kafin a sake tayarwa a cika tukunyar famfon da ruwa, domin juyawa a bushe tana ƙona abin da ke hana ruwa yoyo zuwa cikin injin.

Idan an gama wannan ƙarfin bai dawo ba, a kira mai gyaran wuta ya auna wutar da ke zuwa, tunda raunin wuta ko lalacewar kafasita, wato na'urar da ke taimaka wa inji tashi, kan sa shi ya yi ta gurnani yana zafi. A kuma karanta farantin da ke jikinsa: injin da aka ƙera domin Amurka, mai aiki da irin wutarsu mai 60Hz, yana juyawa kusan sau 3,450 a minti, amma a wutarmu mai 50Hz sai ya sauko wajen 2,850, ƙarfinsa ya ragu.

Batun babban famfo kuwa, ban goyi baya ba, domin zai zuƙi iska ta ɓarakar nan fiye da na yanzu, ya kuma tura ruwa ta cikin yashi da saurin da ƙura ba za ta tsaya ba. Ranar da ruwa ya dawo daidai, ka wanke yashin ta hanyar juya ruwa baya na minti 2 zuwa 3, kana kashe famfo kafin kowane juyin hannun bawul ɗin tankin yashi, sannan ka rubuta inda allura ta tsaya a jikin tankin. Duk lokacin da ta haura wannan da kimanin rabin "bar", wato rabin lamba ɗaya a gejinka, lokacin sake wankewa ya yi.