Amsa: Sarin katunan wasa a intanet, akwai riba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya sarin katunan wasan kwamfuta da araha ka sayar da tsada daga nan Samaru. Ana yi, amma ka fara duba ta inda kuɗin zai fito.

A kasuwar Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta a intanet, wadda ta fara katunanta a 2013, duk abin da ka sayar ana cire kusan kashi 15 cikin 100: biyar na Steam, goma na kamfanin wasan. Ragowar kuma a asusunka na Steam yake zama, ba ya fita zuwa banki, wasa ko wani kayan cikin Steam kawai za ka saya da shi. Yawancin katunan ma 'yan santin dala ne farashinsu, ga datar da za ka ƙona kana gadin farashi. Sabon asusu sai ya kashe dala 5 kafin a buɗe masa kasuwar.

A EA FC, wasan ƙwallon ƙafa na kamfanin EA da yara ke bugawa a gidajen gem na Sabon Gari da Tudun Wada, kashi 5 ake cirewa idan ka sayar da katin ɗan wasa, amma kuɗin cikin wasa ne. Sayar da su a karɓi naira ya saɓa dokarsu, suna rufe asusu a kan haka.

Masu cin riba sosai manhaja suke sakawa ta wawushe kati mai araha cikin daƙiƙa, kai kuwa kana fama da netwok. Ni dai ba zan zuba kuɗin makaranta a ciki ba. In wani ya ce ka tura masa katin tukuna ya biya ta WhatsApp, kada ka yarda.