Tambaya Da Amsa: Had-dis Ɗina Yana Ƙas-Ƙas, In Kai Shi Firiza?

Jama'a barkanmu da wannan mako, ya sanyi ya hazo. Saƙonnin da suka taru min wannan karon kusan duk a kan ajiya ne, wani had-dis ɗinshi ya faɗi, wani kaset ya gada, wata kuma gani take an cuce ta a kasuwa. Na tsinci biyar a ciki, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Slm Malam, ina da shagon buga takardu da fotokwafi ta wajen Wunti, akwai had-dis na waje da nake ajiye aikin kwastomomi a ciki, furojet na ɗalibai da hotunan biki, shekaranjiya yaron shago ya ture shi ya faɗo daga tebur yana cikin aiki, yanzu in na jona sai ya riƙa ƙas ƙas ƙas kuma kwamfutan bata ganin shi, wani abokina yace in ɗaure shi a leda in sa a firiza ya kwana wai zai tashi, dan Allah gaskiya ne? Daga wani mai shago, Wunti, Bauchi.

AMSA: Wa'alaikassalam ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Kafin komai zare shi daga jikin kwamfutar, kar ka ƙara jonawa ko da sunan bari in gwada sau ɗaya. Firiza kuma ka bar wa zoɓo da ƙanƙara, domin kana fito da shi ya haɗu da iskar waje zai yi gumi har ciki, kaga ka ƙara ruwa a kan ciwo.

Matsalar mu ita ce mun ɗauki had-dis kamar wani dunƙulen ƙarfe ne da ake zuba abu a ciki a rufe, alhali inji ne mai motsi. In ka ɗora tafin hannu a kan mai lafiya zaka ji yana ɗan rawa, toh wasu faya-fayai ne na alminiyam ko gilashi suke juyawa a ciki, an shafe su da wani siririn sinadari mai ɗaukar maganaɗisu, wato mayen ƙarfe. Irin na laftof da na waje yawanci suna juyi 5400 a minti ɗaya, wato sau 90 kenan a daƙiƙa, na manyan kwamfutoci 7200. A saman faifan akwai wani hannu mai ɗan mitsitsin kai a bakinshi, mu dai muna ce mishi allura, shi ke rubutu shi ke karatu, yana juya maganaɗisun ƙananan gurabe wannan ya kalli nan wancan ya kalli can, daga nan ake samun 0 da 1, lambobin da kwamfuta ke rubuta komai da su, waɗanda suke zama hoton amarya ko furojet ɗin ɗan jami'ar ATBU. Kuma allurar nan bata taɓa faifan, iskar juyin ce ke ɗaga ta tana shawagi, tazarar da ke tsakaninsu kuwa silin gashin kanka ya fi ta kauri sau dubbai. Yanzu ka ƙiyasta abu na gudu haka sai ya faɗo daga tebur. Allura ta daki faifai, ta lanƙwashe ko ta karce shi, ƙas-ƙas ɗin da kake ji hannun ne yake fita neman inda zai fara karatu, ya rasa, ya koma ya sake fitowa, kuma duk fitowa ɗaya yana iya ƙara karce wajen da aikin mutane yake.

Gaskiya wani lokaci ƙarancin wuta ko lalatacciyar waya ma na sa wannan ƙarar, da a ce bai faɗi ba da sai ince canza waya ka gani. Amma naka ya sha ƙasa yana juyi.

Kar kuma ka bari wani ya kwance shi da sukundireba a kan benci. Ni na taɓa wannan gangancin da kaina shekarun baya, na buɗe nawa a ɗaki lokacin hazo irin wannan wai zan gyara allura, abun sha'awa faifan na ƙyalli kamar madubi, na hura na goge da gefen riga na mayar, daga ranar ko ƙas ɗin bai ƙara yi ba. Ƙwayar ƙura ɗaya a wajen allurar nan kamar dutse ce a tsakiyar titi. Masu ceto bayanai na gaske a wuri na musamman marar ƙura suke buɗewa su sauya allurar da ta wani irinshi sak, kuma kuɗin aikin kan fi kuɗin sabon had-dis nesa ba kusa ba, saboda haka zauna ka yi lissafi, ka kira kwastomomin ka ji waye ke da kwafi a waya ko imel, abun da ya rage shi zaka auna ko ya kai a kashe mishi kuɗi. Yaron shago kuma a yi mishi afuwa, ajiye aikin mutane a wuri ɗaya tal ba shi ya yanke wannan shawarar ba.

Tunda mun shigo zancen bari in ɗan yi tsokaci, don abun na burge ni. Had-dis na farko kamfanin IBM ne ya fitar a 1956 tare da wata kwamfuta mai suna RAMAC 305, a garin San Jose na jihar Kalifoniya ta Amurka. Faya-fayai 50 ne a jere wani bisa wani a jikin sanda ɗaya da ke tsaye, kowanne faɗin inci 24, ya fi babban tiren da ake tallan masa da shi, nauyin na'urar kusan tan guda, kuma duk wannan girman haruffa miliyan 5 kacal yake ɗauka, ƙasa da mega 4 a lissafin yanzu, hoto ɗaya mai kyau na wayarka ya cika shi. Wanda ya jagoranci aikin, Reynold Johnson, asalinshi malamin makarantar sakandare ne, kuma shi ya ƙirƙiro injin da ke makin jarabawa ta hanyar gane inda aka cike da fensir. Duk wanda ya taɓa zama yana cike ɗan gurbin A ko B da fensir HB gumi na karyo mishi, toh ga wanda ya faro abun.

TAMBAYA: Yaya ina wuni, na sayi laftof an ce min giga 500 ne, na zo gida na duba naga 465, cuta na aka yi ko? Wlh har na shirya komawa shagon. Daga wata ɗaliba, Gwallameji.

AMSA: Ƙanwata ajiye mayafin, babu wanda ya cuce ki. Masu ƙera had-dis da dubu-dubu suke lissafi, giga ɗaya a wajensu bayit biliyan ɗaya ne cif, ita kuma Windows da 1024 take rabawa har sau uku. Shi yasa 500 ke fitowa 465, mai tera ɗaya, wato giga dubu, kuma 931. Mudu ne ya bambanta, hatsin na nan yadda yake. Abun da ya kamata ki duba in na hannu ne shine lafiyarshi, sauke CrystalDiskInfo, kyauta ne, zai nuna miki awa nawa ya yi yana aiki da ko ya fara samun matattun gurabe. In kika ga ya nuna ruwan ɗorawa, toh a nan ne zaki ɗauki mayafin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne, jikana ke rubuta min. Ina da kaset sun fi ɗari a akwati, na tafsirin azumi da wa'azi, har da wanda mahaifina ya yi magana a ciki kafin rasuwarshi. Ana ce min suna lalacewa. Yaya zan yi? Daga Azare.

AMSA: Wa'alaikumussalam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya jiƙan mahaifi. Gaskiya aka faɗa muku. Zaren kaset leda ce aka shafa mata garin ƙarfe mai kama da tsatsa, muryar tana zaune ne a matsayin maganaɗisu a jikin garin, zafi da danshin damina suna sa abun da ya riƙe garin ya saki, zaren ya manne ko ya yi fumfuna. Ku fitar da akwatin daga ɗakin da rana ke duka, a jera su a tsaye cikin gidajensu, nesa da sifika don akwai babban mayen ƙarfe a cikinta.

Wanda ke da muryar mahaifinku shi za a fara ceto, yau ba gobe ba. Jikan naku ya nemo rediyo mai kaset wadda ke da ramin iyafis, a fara gwada ta da wani kaset da ba a damu da shi ba saboda tsohuwar rediyo ta iya cin zare, sannan ya haɗa waya daga ramin zuwa kwamfuta, in laftof ɗin mai rami ɗaya ne sai ya sayi ɗan abun sauti na USB, ya ɗauka da manhajar Audacity. Sai dai haƙuri, kaset mai minti 90 minti 90 ɗin zai ci, babu gajeriyar hanya. Kafin a kunna a sa biro a juya zaren a hankali a ji ko ya manne, mu da muka taso da kaset mun san wannan aikin. In an gama a tura wa 'yan'uwa uku ko huɗu, kaset ɗin kuma kar a yar.

Kuma Baba abun da ke hannunku kakan had-dis ne. Wani injiniyan tarho ɗan ƙasar Denmak, Valdemar Poulsen, shi ya fara ɗaukar murya da maganaɗisu a 1898, a jikin wayar ƙarfe ma ya yi, ya kai na'urar baje kolin Faris a 1900. A 1928 Fritz Pfleumer a Jamus ya shafa garin ƙarfe a jikin siririyar takarda, daga baya aka koma leda, sai kamfanin Philips na Holan ya ƙanƙance abun ya zama kaset ɗin da muka sani a 1963, ƙarƙashin injiniya Lou Ottens wanda ya rasu a 2021. Yara na ganin kaset ya mutu, amma har yau manyan kamfanoni da bankuna a zare suke adana bayanan da suke so su daɗe, akwai wani nau'i da ake kira LTO-9 da ya fito a 2021, guda ɗaya na ɗaukar tera 18.

TAMBAYA: Malam muna gardama a majalisa, ya aka yi had-dis ya ƙanƙance amma yake ƙara ɗaukar kaya, kuma shi da SSD wanne ya fi? Wani yace in ka goga maganaɗisu a jikin filash komai zai goge. Daga masu gyaran waya, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Mutanen Gombe ina gaisuwa, a miƙo min shayin. Dabarar ita ce a rage girman gurbin da ke riƙe 0 ko 1, sai dai duk sanda gurbi ya ƙanƙance maganaɗisunshi na raguwa har allura ta kasa jin shi, kamar mai raɗa a tsakiyar kasuwa. A 1980 IBM ta fitar da na farko da ya haura giga, giga 2.5, girmanshi kamar firij, a shekarar kuma Seagate ta fitar da ɗan ƙarami mai mega 5 na ƙananan kwamfutoci. Babban tsallen ya zo ne bayan 1988, lokacin da Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa a nashi ɗakin binciken, suka gano cewa in aka jera wasu siraran shimfiɗun ƙarfe masu kaurin 'yan ƙwayoyin zarra, ɗan maganaɗisu kaɗan na sauya yadda lantarki ke ratsa su sosai. Wato an samo wa allura kunne mai jin raɗa. IBM ta sa dabarar a had-dis a 1997, su biyun kuma suka karɓi kyautar Nobel ta fizis a 2007, shekarar da Hitachi ta fitar da mai tera ɗaya na farko. Akwai kuma dabarar wani farfesa ɗan Japan, Shun-ichi Iwasaki, ta tsayar da maganaɗisun a tsaye maimakon a kwance, kamar sahun sallah ya fi ɗaukar mutane a kan a ce kowa ya miƙe a tabarma, ta shigo kasuwa a 2005. Yanzu har iskar hiliyom ake ɗurawa a manyan, ana kuma ɗumama gurbin da hasken leza kafin a rubuta, sun haura tera 30.

SSD da filash da memorin waya kuwa dangi ɗaya ne, babu faifai babu allura babu maganaɗisu, cajin lantarki ake tsarewa a ƙananan ɗakuna, ƙirƙirar Fujio Masuoka ce a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980. Don haka mai cewa maganaɗisu na goge filash shi zai biya kuɗin shayi. Ko had-dis ma ɗan maganaɗisun wasan yara baya mishi komai, a cikinshi akwai wanda ya fi shi ƙarfi, shi ke tuƙa hannun allurar, ku fasa mataccen ku gani, sai kun yi da gaske zaku ɓamɓare shi.

Wanne ya fi? Ni dai laftof ɗin da ke yawo a bayan acaɓa da cikin keke, ga ɗauke wuta ba sallama, SSD zan sa mishi ko da 256 ne, tsohuwar kwamfuta ma sai kaga ta farfaɗo kamar an mata allura. Had-dis ya fi arha in kaya ne masu yawa, masu tura fina-finai da masu ɗaukar bidiyon biki shi ya fi musu. Amma inda nake jin tsoron SSD, shi baya ƙas-ƙas ya yi maka gargaɗi, yakan mutu ne kawai dare ɗaya, kuma abun da ka goge a kanshi da wuya ya dawo, saɓanin had-dis da gogewa ke cire sunan fayil kawai daga rajista, kayan na nan sai an rubuta wani a kai. Wannan ma ku kula in zaku sayar da tsohuwar kwamfuta, fomatin na sauri baya share komai.

TAMBAYA: Baƙin layin nan na bayan katin ATM menene amfaninshi? Nawa ya kankare amma yana aiki a POS. Daga wata Hajiya, Tumfure.

AMSA: Hajiya ai ɗan guntun zaren kaset ne aka manna, lambar katin ce a rubuce da maganaɗisu. Wani injiniyan IBM, Forrest Parry, ya fito da shi a shekarun 1960, kuma yadda ake ba da labarin ya yi ta fama gam ya ƙi riƙe zaren a jikin roba, sai matarshi da ke guga tace kawo, ta ɗora dutsen guga ya manne. Naki na aiki ne saboda POS ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare na gaba yake karantawa, layin bayan an kusa daina yayinshi don yana da sauƙin kwafa, Mastercard ma tace zuwa 2033 babu katinta da zai rage da shi. In injin cire kuɗi ya fara tofo miki katin ki je banki su sauya, in ba haka ba ki cigaba da harkarki.